Ƙarfin Ƙashi: Kemis Ko Tukunya?

Wannan filinmu ne na sharhi kan lafiyar iyali daga nan Maiduguri.

Yau magana ce a kan wata ƙwaya fara mai kauri da ta shiga gidajenmu ba sallama, wato ƙwayar kalsiyam, wadda yawancinmu muke kira maganin ƙashi. Duk wanda ya ɗan tsaya a bakin wani kemis a Gwange ko Bulumkutu bayan la'asar ya san yadda cinikin yake. Dattijuwa za ta shigo tana dafa gwiwa, ta kwance bakin gyale ta ciro kuɗi, ta ce, "Ɗana, gwiwar nan ta hana ni sallah a tsaye, ba ni maganin ƙashi." Shi kuwa ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da roba, ya ce, "Hajiya, wannan ɗan waje ne, ɗaya da safe ɗaya da dare." Bai tambaye ta ko tana da hawan jini ba, bai tambayi lafiyar ƙodarta ba, bai san wane magani take sha a gida ba. Wata ma ba ta saya ba, ɗanta ne ya kawo mata tsaraba daga Umara ko Dubai, don ƙauna da neman albarka. Wani kuma allura yake nema, wai allurar kalsiyam, wadda in an yi ta jiki ya ɗau zafi, sai ya ce ai ta fara aiki.

Bari mu fara da abin da babu gardama a kansa. Jikin ɗan Adam yana buƙatar kalsiyam. Babban mutum yana ɗauke da kusan kilo guda nasa, kuma kashi 99 cikin ɗari yana cikin ƙashi da haƙori. Ɗan abin da ya rage yana yawo a cikin jini, kuma da shi zuciya take bugawa, da shi tsoka take motsi, da shi jini yake daskarewa in an ji rauni. Saboda muhimmancin wannan ɗan kaɗan ɗin, jiki ba ya yarda ya yi ƙasa. Ƙashi tamkar rumbu ne: in abinci ya kawo, a zuba, in bai kawo ba, a ɗiba a ba jini. Ana cika rumbun ne tun daga ƙuruciya har zuwa wajen shekara 30, daga nan sai lallaɓawa. Mace kuwa in al'ada ta ɗauke mata, ɗibar takan yi sauri na wasu shekaru. Hukumomin lafiya na Amurka sun ce baligi yana buƙatar miligiram 1,000 a rana, mace da ta haura 50 kuma 1,200. Na Ingila sun tsaya a 700.

To mu nawa muke samu? A nan ne ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Tuwon masara, shinkafa, burabusko, taliya, burodi da shayi, su ne suke cika mana ciki, kuma dukkansu kalsiyam ɗinsu kaɗan ne ƙwarai. A shekarar 1999, Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos suka buga sakamakon bincikensu kan yara 123 masu cutar laushin ƙashi, irin wadda take sa ƙafar yaro ta lanƙwashe ko ta yi gwame, wuyan hannu ya kumbura, tafiya ta yi masa wuya. A littattafan likitanci an saba ɗora laifin wannan cuta kan rashin bitamin D, wanda fata take samarwa in rana ta taɓa ta. Amma yaran Jos ba su rasa rana ba. Abin da aka gano shi ne kalsiyam ɗin da suke samu a abinci wajen miligiram 200 ne kawai a rana, kuma waɗanda aka ba kalsiyam sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D kaɗai. Tuwon da ake ci a Jos ba shi da wani bambanci mai yawa da wanda ake ci a Borno. Saboda haka kada wani ya ji wannan sharhi ya ce mai magana yana cewa ba mu da matsala. Muna da ita, har ma mun fi Turawa. Tambayar ita ce ta wace ƙofa za a shigar da abin da ya yi ƙaranci.

Ƙofar farko da mutane suke rugawa ita ce ta kemis, kuma kuskure na farko yana nan tun kafin a buɗe robar. Ciwon gwiwa da ciwon baya da ciwon ƙugu, waɗanda muke haɗawa mu kira sanyin ƙashi, galibinsu ba rashin kalsiyam ke kawo su ba. Guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓi ne yake cinyewa saboda shekaru, ko nauyin jiki, ko aikin wahala. Ƙwayar kalsiyam ba ta mayar da guringuntsi. Ita kuwa ainihin cutar zaizayar ƙashi ba ta ciwo. Shiru take yi, sai ran da tsohuwa ta zame a makewayi ƙugu ya karye, ko a lura bayanta yana rusunawa tsawonta yana raguwa. Wani zai ce, ai ni na sha na ji sauƙi. A duba haɗin da aka ba shi. Sau da yawa akwai maganin kashe zafi irin su diclofenac a ciki, ko dexamethasone. Su ne suka kwantar da ciwon, yabo ya tafi ga kalsiyam. Na farkon, in an daɗe ana sha, yana cutar da ƙoda da ciki. Na biyun kuwa, wanda shi ne dai ake sakawa a cikin ƙwayoyin ƙiba da 'yan mata suke kira sha-ka-fashe, yana daga cikin magungunan da suka fi kowanne cinye ƙashi. An je neman ƙarfin ƙashi an dawo da abin da yake rarake shi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Sai maganar ƙoda, wadda ita ce ta fi damuna a matsayina na mazaunin wannan gari. A Amurka an yi wani babban gwaji kan mata sama da 36,000 waɗanda al'ada ta ɗauke musu. Rabinsu aka riƙa ba su kalsiyam miligiram 1,000 da bitamin D kullum, rabi kuma ƙwayar da ba komai a cikinta, har tsawon shekara bakwai. Da aka fitar da sakamako a 2006, in aka ɗauki matan gaba ɗaya, raguwar karayar ƙugu ba ta kai yadda za a kafa hujja da ita ba, amma tsakuwar ƙoda ta ƙaru da kashi 17 cikin ɗari a cikin masu shan kalsiyam. Abin mamakin shi ne, tun a 1993 masu bincike na Jami'ar Harvard da suka bi diddigin maza sama da 45,000 sun ga akasin haka game da abinci: waɗanda suka fi cin abinci mai kalsiyam su ne suka fi tsira daga tsakuwar ƙoda.

Yaya abu ɗaya zai kare ka in ya zo a kwano, ya cuce ka in ya zo a roba? Dalilin yana cikin hanji. Yawancin tsakuwar ƙoda haɗuwa ce ta kalsiyam da wani sinadari mai suna okzalet, wanda ake samu a ganyaye irin su alayyafo, da gyaɗa, da shayi. In kalsiyam ya shiga tare da abinci, tun a hanji yake kama okzalet ɗin, su fita tare a bayan gida, ƙoda ba ta gan su ba. In kuwa ka haɗiyi ƙwaya da ruwa a cikin da babu komai, okzalet ɗin abincinka ya wuce abinsa zuwa jini, kalsiyam ma ya wuce, sai su haɗu a fitsari. Ƙari a kan haka, abinci yana sakin kalsiyam ne a hankali, ƙwaya kuwa tana tura shi gaba ɗaya, ma'auninsa a jini ya ɗaga na wasu sa'o'i.

Yanzu a ɗora wannan a kan Maiduguri. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40. Mai tura baro a Monday Market, da mai keke Napep, da matar da take tsaye a gaban murhu, gumi yake kwashe ruwan jikinsu, fitsari ya ragu ya yi ja ya yi kauri. Wannan shi ne yanayin da tsakuwa take so. Kuma kowa ya san nauyin ciwon ƙoda a Borno da Yobe. Wanda ya taɓa leƙa sashen wankin ƙoda na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ya ga mutanen Gashuwa da Nguru da na cikin gari suna jiran layi, wasu an sayar da gona, wasu an sayar da gida. Ban ce ƙwayar kalsiyam ce ta kawo wannan annoba ba, masana suna kan binciken musabbabinta. Abin da nake cewa shi ne ciwon ƙoda yakan daɗe a jiki mai shi bai sani ba, kuma ƙodar da ta raunana ba ta iya sarrafa rarar kalsiyam yadda ya kamata, sai ya riƙa taruwa a bangon jijiyoyin jini. Likitan ƙoda yakan rubuta wa majinyacinsa kalsiyam don wata manufa ta daban, amma yana yi yana auna jini. Mai kemis ba ya aunawa. A garin da wannan ciwo ya yi yawa haka, shan wannan ƙwaya wata da watanni ba tare da an duba ƙoda ba ganganci ne.

Batun zuciya kuwa, masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. A 2010, Mark Bolland da Ian Reid na Jami'ar Auckland a ƙasar Niyu Zilan suka tattara gwaje-gwaje da dama, suka ce masu shan ƙwayar kalsiyam sun fi fuskantar bugun zuciya da kusan kashi 30 cikin ɗari. Wasu manyan ƙungiyoyin likitoci a Amurka sun sake duba hujjojin a 2016 suka ce ba su ga haɗarin ba, matuƙar jimillar abin da mutum yake samu bai wuce miligiram 2,000 zuwa 2,500 a rana ba. Gardamar tana nan. Amma a lura, dukkan ɓangarorin biyu a kan ƙwaya suke jayayya, babu wanda ya tuhumi nono ko ganye. Kuma a 2018 kwamitin da yake ba Amurkawa shawara kan rigakafi ya ce mace mai lafiya da take zaune a gidanta bayan ɗaukewar al'ada, kada ta riƙa shan kalsiyam miligiram 1,000 ko ƙasa da haka da ɗan bitamin D da sunan rigakafin karaya, don amfanin bai tabbata ba.

Akwai kuma ƙananan illoli da ba a faɗa wa mai saye: kumburin ciki da taurin bayan gida, wanda tsofaffi da ma suna fama da shi. Kalsiyam yana hana jiki shan ƙwayar ƙarin jini in an haɗa su lokaci guda, yana kuma kashe ƙarfin magunguna irin su ciprofloxacin da doxycycline da maganin maƙoƙo. Ita kuwa allurar da ake yi ta jijiya, magani ne na gaggawa a asibiti. In aka tura ta da sauri tana iya hargitsa bugawar zuciya, in ta zube a wajen jijiya tana ƙona nama. Zafin nan da ake ji ba alamar lafiya ba ce. Ina roƙon jama'a, don Allah a daina karɓar wannan allura a bayan kanta.

Wani mai sauraro mai lura zai ce, ai waɗannan bincike duk a kan Turawa aka yi, masu shan madara safe da yamma, mu da ba mu da shi ai ƙwayar za ta amfane mu. Tambaya ce mai kyau, kuma an gwada ta a kusa da mu. A ƙauyen Keneba da kewayensa a ƙasar Gambiya, inda mata suke samun wajen miligiram 350 a rana, an ba masu juna biyu miligiram 1,500 kullum daga tsakiyar ciki zuwa haihuwa, da tsammanin ƙashinsu zai ƙara ƙarfi. Sakamakon da aka buga a 2010 ya ba masu binciken kansu mamaki: a lokacin shayarwa, ƙashin ƙugun waɗanda suka sha ya fi na waɗanda ba su sha ba rauni. Bayanin da suka bayar shi ne jikin da ya saba da kaɗan yana da dabarar tattalinsa, sai aka zo aka rikita masa lissafi sannan aka janye. Wannan ya isa ya sa mutum ya yi hattara da tunanin cewa in kaɗan yana da amfani, mai yawa ya fi.

A nan sai in ja hankalin masu juna biyu da kyau, kada a juya maganata. In kin je awo aka ba ki kalsiyam, ki sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba masu ciki a wuraren da abinci ba ya wadatar da shi, kuma manufar ita ce rage haɗarin hawan jinin ciki da jijjiga, wadda take kashe mata da jarirai a wannan yanki namu. Ceton rai ya fi gaban komai. A 2024 ma an buga wani gwaji kan mata kusan 22,000 a Indiya da Tanzaniya da ya nuna miligiram 500 a rana yana kare wannan haɗari kusan daidai da 1,500. Ki bi adadin da ma'aikaciyar asibiti ta faɗa miki, ki raba lokacinsa da na ƙwayar ƙarin jini. Haka yaron da ƙafarsa ta lanƙwashe, a kai shi asibiti, abinci kaɗai ba zai wadatar da farko ba. Haka tsohon da ya kwanta ba ya fita rana ba ya cin kirki. A Faransa a 1992 an nuna kalsiyam da bitamin D sun rage karayar ƙugu sosai a tsakanin tsofaffin mata irin waɗannan da ke gidajen kula da tsofaffi. Haka wanda likita ya ɗora a kan maganin zaizayar ƙashi. Waɗannan su ne masu ƙwaya, kuma su ma akwai ƙa'ida: kada a wuce miligiram 500 a sha ɗaya, a sha tare da abinci, a sha ruwa sosai, a duba lambar NAFDAC.

Sauran mu fa? Mu koma kasuwa da kicin. Allah bai hana Borno abin gina ƙashi ba. Kofi ɗaya na nono ko kindirmo, irin wanda matan Shuwa da Fulani suke shigowa da shi gari, yana ɗauke da kusan miligiram 300, kuma jiki yana karɓarsa cikin sauƙi. Sai dai a tabbatar an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, saboda tarin fuka da zazzaɓin da ake ɗauka daga ɗanyar madara. A Ostireliya an gwada wannan a gidajen tsofaffi 60, mutum sama da 7,000. Ba a ba kowa ƙwaya ba, madara da kindirmo da cuku kawai aka ƙara a abincin rabinsu na shekara biyu. Sakamakon 2021 ya nuna karaya ta ragu da kashi 33 cikin ɗari, karayar ƙugu da kashi 46.

Na san abin da wani magidanci yake faɗa a ransa yanzu: Malam, nono a wannan tsadar? Gaskiyarsa. Shekarun rikici sun watsa garken shanu, sun daɗe suna tsayar da kasuwancin kifin Baga, sannan ambaliyar madatsar Alau ta watan Satumban 2024 ta shafe jarin dubban mutane a dare ɗaya. Ba zan zauna a gaban makirufo in ce kowa ya sha kofi uku a rana ba. Amma abin da ya fi arha a kasuwarmu yana cikin waɗanda suka fi kalsiyam. Garin kuka, wanda ake raina wa miyarsa, giram 100 nasa yana ɗauke da fiye da miligiram 1,000, wani ma ya kai 2,000. Busasshen zogale haka. Riɗin da ba a cire wa ɓawo ba yana kusa da 1,000, ko da yake ba duka jiki yake iya sha ba. Ga kuɓewa, ga rama, ga lalo, ga wake, ga daddawa. Ga tamba, wadda ta ninka gero sau da yawa a kalsiyam, mun bar ta ta zama abincin masu ciwon suga kawai.

Sannan kifi. In ka shiga kasuwar kifi ta Baga Road, idon kowa yana kan manyan banda da ake ɗaurewa a kwali a tura Kudu. Amma ka dubi gefe, ga tire cike da 'yan ƙananan busassun kifi da gutsattsarin da ya karye, ana auna su da gwangwani a farashi mai sauƙi. Su ne dukiyar, domin kalsiyam ɗin kifi a ƙashinsa yake, kuma ƙaramin kifi da ƙashinsa ake ci. A wanke shi, a shanya ya bushe ƙayau, a daka shi a turmi da kansa da ƙayarsa har ya yi laushi, a tankaɗe, a zuba a kwalba mai murfi. Cokali ɗaya a miyar kuka, cokali ɗaya a faten yaro. Likitocin nan na Jos sun gwada garin kifin da aka niƙa da ƙashinsa a kan yara masu laushin ƙashi, suka buga a 2015 cewa ya warkar da yawancinsu. Kuɗin roba ɗaya ta ƙwayar waje zai sayi irin wannan kifi da kukar da gida gaba ɗaya zai daɗe yana ci, yara da manya, tare da furotin da sauran abubuwan gina jiki da babu su a cikin ƙwayar.

Masu shayi da iyaye mata kuma a riƙa karanta jikin gwangwani da leda. Ba duk farin garin da ake zubawa a shayi ne madara ba, wani man itatuwa ne da suga aka sarrafa don ya faranta shayi kawai. A rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano, domin gishiri mai yawa yana fitar da kalsiyam ta fitsari. Iyayenmu mata da ba sa fita, a samu ɗan lokaci da hantsi a tsakar gida rana ta taɓa hannu da ƙafa, don ba tare da bitamin D ba hanji ba ya shan kalsiyam yadda ya kamata. Ƙashi kuma yana son nauyi a kansa: tafiya masallaci da ƙafa, shara, 'yan aikace-aikacen gida. Tsohon da aka ce ya zauna kada ya taɓa komai don gata, ƙashinsa ake ragewa.

Ga 'ya'yan da suke son yi wa iyaye hidima, Allah ya saka muku da alheri, ga inda kuɗin zai fi amfani. Ku kai Hajiya ko Baba asibiti a duba gwiwar a san abin da ke damunta, a auna jini da fitsari a ga lafiyar ƙoda. In ido ya yi yana a cire, a sa fitila a hanyar makewayi, a gyara daɓen da yake santsi, a kafa abin dafawa, domin yawancin karayar ƙugu faɗuwa ce take kawo ta. Wanda kuma yake da robar kalsiyam a ɗaki yanzu haka, kuma ba likita ne ya rubuta masa ba, ya ɗauke ta ya tafi da ita asibiti mafi kusa, tare da duk sauran magungunan da yake sha, ya nuna wa likita kafin ya sake haɗiyar ko ɗaya.